Ciki da Goyo a Fadamar Haɗeja: Cututtukan da Ke Bin Sawun Ruwa

Kogin Haɗeja yana samuwa ne daga haɗuwar kogin Kano da na Challawa. Yakan ratso ta Wudil da Ringim, kafin ya iso inda ƙasa ta shimfiɗe, ruwan ya rasa gangare ya bazu cikin fadamu har zuwa Nguru da Gashuwa. Masarautar Haɗeja, mai ƙananan hukumomi takwas, wato Haɗeja, Auyo, Birniwa, Guri, Kafin Hausa, Kaugama, Kiri Kasamma da Malam Madori, tana cin abinci daga wannan ruwa: shinkafa, alkama, tattasai, kifi da kiwo. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar kogin ta sauya. Ruwa ya daina ƙafewa da rani a wurare da yawa, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyinsa, ambaliya kuma ta riƙa cin gidaje da gonaki kamar yadda aka gani a 2018 da 2020 da 2022. Lafiyar mai ciki da ta ƙaramin yaro a wannan yanki tana ɗaure da wannan ruwa. Shi ke kawo sauro, shi ke gurɓata rijiya, shi ke yanke hanyar asibiti.

Binciken lafiyar jama'a na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa a Jigawa kusan yaro ɗaya cikin biyar ba ya kai wa shekara biyar, kuma kusan biyu cikin kowane uku sun tsumbure saboda rashin isasshen abinci mai gina jiki. A ƙasa baki ɗaya, binciken ya ƙiyasta mace 512 ke rasuwa cikin kowace haihuwa 100,000. Abin da ya fi ciwo a cikin waɗannan alƙaluma shi ne cututtukan da ke bayansu ba baƙi ba ne. An san sunayensu, an san watannin da suke zuwa, maganin yawancinsu kuma ba ya da tsada. Abin da ke kashewa a mafi yawan lokuta shi ne jinkiri: kwana biyun da aka yi ana cewa haƙori ne, ko daren da aka yi ana jiran gari ya waye.

Hidimar ɗa tana farawa tun yana ciki, a wajen awo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2016 cewa mai juna biyu ta ga ma'aikacin lafiya sau takwas, na farko kafin ciki ya wuce wata uku. A ƙauyukan fadama akasari sai ciki ya fito fili ake fara zuwa, domin ɓoye ƙaramin ciki al'ada ce, musamman ga mai cikin fari. Awo ya wuce shafa ciki da hawa sikeli. A nan ake auna jini a ga ko ya hau, a gwada fitsari, a duba yawan jinin jiki da rukuninsa, a yi gwajin ƙanjamau da ciwon hanta, a ba da ƙwayoyin ƙarin jini, a yi allurar tetanus da ke kare uwa da jaririn da za ta haifa. A nan kuma ake gane kwanciyar ɗa, da tagwaye, da macen da bai kamata ta yi naƙuda a gida ba ko da ta haihu lafiya sau biyar a baya.

Zazzaɓin cizon sauro yana yi wa mai ciki ɓarna a ɓoye. Macen da ta tashi a bakin fadama jikinta ya saba da shi, don haka ƙwayar cutar kan taru a mabiyiya ba tare da zazzaɓi mai zafi ba. Jinin uwa ya riƙa raguwa, abincin da ke isa ga ɗa ya yi ƙasa, a haife shi ƙanƙane ko bakwaini, ko cikin ya ɓare. Saboda haka ake ba kowace mai ciki ƙwayar Fansidar guda uku a ranar awo, daga wata na huɗu, da tazarar aƙalla wata ɗaya tsakanin sha da sha, a samu sau uku ko fiye kafin haihuwa. Mace takan ce lafiyarta ƙalau, me za ta yi da maganin zazzaɓi. Amsar ita ce maganin na share mabiyiya ne. Ƙarancin jini yana da wasu ƙofofin: tsutsar ciki, tsargiya, haihuwa kusa da kusa, da tuwon da miyarsa ba ta da nama ko kifi ko ganye. Alamarsa farin ido da farin tafin hannu, jiri, da haki bayan ɗan aiki kaɗan. Macen da ta shiga naƙuda da jini kaɗan, ɗan abin da za ta zubar ya isa ya kayar da ita.

Hawan jinin ciki yana bayyana bayan wata na biyar, ya fi kama mai cikin fari, da ƙaramar yarinya, da mai tagwaye. Idan awon jini ya kai 140 bisa 90 kuma aka ga furotin a fitsari, an shiga haɗari. Kumburin ƙafa kaɗai ba abin tsoro ba ne, amma kumburin fuska da hannu, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, duk gargaɗi ne cewa jijjiga tana tafe. Idan ta zo, mace takan faɗi tana taune harshe, ido ya juye. A gidaje da yawa akan ɗauka iska ce, a tsaya ga hayaƙi da tofi. Addu'a ba ta hana tafiya, ana iya yin ta a cikin mota. A asibiti akwai allurar magnesiyam salfet da ke tsayar da jijjigar, da maganin sauke jini, sannan a raba uwa da cikin, domin ciwon ba ya ƙarewa sai an haihu.

Yawancin haihuwa a karkarar Jigawa a ɗaki ake yin ta. Kunya tana sa mace ta ɓoye naƙuda har sai ta ci ƙarfinta, ungozomar gargajiya kuma sau da yawa aikinta yana farawa ne bayan ɗa ya faɗo: yanke cibiya, binne mabiyiya, wanka. Masana lafiyar mata suna lissafa jinkiri iri uku, kuma duka ukun suna nan a fadama. Akwai jinkirin yanke shawara, idan maigida yana gona ko ya tafi ci-rani babu wanda zai ba da izini. Akwai jinkirin hanya, wanda a watan Agusta da Satumba yake zama babban abu, lokacin da wasu garuruwan Guri da Kiri Kasamma da Auyo ba a shigarsu sai da kwalekwale. Sai jinkirin asibitin kansa, idan aka tarar babu ma'aikaci da dare, ko babu jini. Na farko da na biyu ana iya rage su tun ciki yana wata bakwai: maigida ya bar izini a fili gaban iyayensa, a ajiye kuɗin mota, a san direban da za a kira da tsakar dare, a san 'yan'uwa biyu da za su ba da jini. Macen da watan haihuwarta ya faɗo cikin ambaliya, ya fi mata ta koma wajen dangi a gari mai asibiti tun ruwa bai rufe hanya ba. Al'adar goyon ciki, wadda mai cikin fari ke komawa gidan iyayenta, ta riga ta share fagen wannan.

Zubar jini bayan haihuwa shi ya fi kowane abu kashe masu jego, kuma yana iya gamawa da mace cikin sa'a biyu. Yawanci mahaifa ce ta ƙi tsukewa bayan fitar mabiyiya, ko wani yanki na mabiyiyar ya maƙale, ko an samu yagewa. Jinin da ya kai rabin lita ya wuce ƙa'ida, amma ido ba ya iya auna jinin da zane ya shanye. Wani babban gwaji da aka yi a asibitoci 80 na Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero take cikin jagororinsa, aka kuma fitar da sakamakonsa a 2023, ya nuna cewa shimfiɗa wata leda mai ma'auni a ƙarƙashin mai haihuwa, tare da haɗa magunguna da matsa mahaifa a lokaci guda maimakon bi da bi, ya rage mummunar zubar jini da kusan kashi 60 cikin ɗari. A asibiti allurar oksitosin ce ake yi da zarar ɗa ya fito. Inda babu firij ko mai allura, ƙwayar misoprostol tana tsayawa a madadinta, da sharaɗin ba a shan ta sai bayan ɗa ya fito. Shan ta don zaburar da naƙuda yana iya fasa mahaifa.

Naƙudar da ta kwana ta wuni ba a haihu ba doguwa ce. Kan ɗa yana danne mafitsara a jikin ƙashin ƙugu har naman wurin ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya ɓule, fitsari ya riƙa zuba ba tsayawa. Wannan shi ne yoyon fitsari. Ɗan yakan zo ba rai, uwar kuma sau da yawa aurenta ya mutu. Ya fi samun yarinyar da ta ɗauki ciki ƙugunta bai gama buɗewa ba, amma yana samun babbar mace idan ɗa ya kwanta a gicciye, kuma yankan gishiri ma yana jawo shi. Ana gyara shi da tiyata. A Babban Asibitin Jahun, ƙungiyar likitoci ta MSF tana aiki da gwamnatin Jigawa tun 2008 a ɓangaren haihuwa da gyaran yoyon fitsari, akwai kuma cibiyar ƙasa da ke Babbar Ruga a Katsina. Tiyatar ciro ɗa da ake gudu ita ce ke hana a kai ga wannan.

Kwana arba'in na jego suna da nasu abin lura. Wankan ruwan zafi da kunun kanwa tsofaffin al'adu ne, kuma likitocin Jami'ar Ahmadu Bello sun danganta su tun shekarun 1970 da yawan ciwon zuciyar masu jego da suka gani a Zariya. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya karkata ga talauci, rashin abinci mai kyau da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyam. Ko ma mene ne asalinsa, kanwa gishiri ce mai tara ruwa a jiki, ba ta dace da macen da jininta ya hau ba, ruwan da ke saɓule fata kuma ba ya ƙara lafiya. Mai jegon da ke haki idan ta kwanta, ƙafafunta suka kumbura, tana tari da dare, zuciyarta ce ke neman taimako. Wadda ta yi zazzaɓi da jini mai wari, mahaifarta ce ta kamu.

Watan farko na jariri shi ne mafi haɗari a dukan rayuwarsa. Cibiya ƙofa ce a buɗe: reza sabuwa, zare mai tsabta, da man kulohekzidin da ake shafawa kullum har ta faɗi, sun isa. Toka, man goge baki, kashin shanu da gashi da tsumma mai datti suna shigar da ƙwayar tetanus, wadda ke ɗaure wa jariri muƙamuƙi ya kasa kama nono, jikinsa ya sandare. Dakashi, nonon farko mai kauri da ake matsewa a zubar don ana ganin ƙazanta ne, shi ne garkuwar farko ta jariri, kuma ya kamata ya sha shi cikin sa'ar da aka haife shi. Daga nan nono zalla har wata shida. Iyaye mata sukan ji tausayi su ce da zafin Haɗeja yaya za a hana yaro ruwa. Nono kansa kusan kashi tara cikin goma ruwa ne, wanda kuma ake ɗebowa a randa shi ke kawo gudawa. Bakwaini yana buƙatar ɗumi fiye da komai, kuma ɗaure shi a ƙirjin uwa, fata da fata, ya fi tulin zannuwa. Jaririn da ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ko idonsa ya yi rawaya a ranar farko ko ta biyu, ko shawarar ta sauko har tafin hannu da ƙafa, ba a kwana da shi a gida. Shawara mai tsanani tana taɓa ƙwaƙwalwa ta bar yaro kurma ko da shanyewar jiki, kuma shanya shi a hantsi ba ya maganinta.

Wanzami yana da daraja a ranar suna, amma cire belu ba ya hana wata cuta, yana dai jawo zubar jini da shigar ƙwayoyi ta askar da ta taɓa wani. Haka yi wa jaririya yanka a gabanta.

Da yaro ya wuce wata uku zuwa shida, garkuwar da ya gada daga uwa ta fara raguwa, sai cututtukan shekara su fara zagayo shi bisa tsarin yanayi. Damina ta zazzaɓi ce. Najeriya ita kaɗai tana ɗauke da kimanin rubu'in masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, kuma a yankin Sahel yawancinsa yana taruwa ne cikin wata huɗu. A fadama lokacin yana ƙara tsawo, domin bayan ɗaukewar ruwan sama kududdufai da gonakin shinkafa suna nan, noman rani a wurare irin su aikin ban-ruwa na Auyo kuma yana ba sauro wurin ƙyanƙyasa har cikin hunturu. Sauron da ke yaɗa cutar da dare yake cizo, shi ya sa gidan sauro mai magani yake da tasiri, idan an kwana a cikinsa. A daren zafi da ake fitowa tsakar gida, gidan sauron ya kamata ya fito tare da tabarma.

Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da rigakafin damina, kuma Jigawa tana cikin jihohin da ake yin sa. Ma'aikata suna bi gida-gida sau ɗaya a wata, yawanci daga Yuli zuwa Oktoba, suna ba yara daga wata 3 zuwa wata 59 magani. A ranar farko yaro yana shan ƙwaya biyu a gabansu, sai a bar wa uwa guda biyu, ɗaya gobe ɗaya jibi. A nan ake yawan samun giɓi: ana mantawa, ko a ajiye sai yaro ya yi zazzaɓi, ko a raba wa yayyensa. Kariyar ba ta cika sai an sha na kwana ukun, kuma ba ta wuce kimanin mako huɗu, don haka kowane zagaye yana da muhimmanci. Allurar rigakafin zazzaɓin ma ta shigo Najeriya a Disamban 2024, aka fara da Kebbi da Bayelsa.

Ba kowane zafin jiki ne na sauro ba, kuma gwajin ɗigon jini a yatsa yana rarrabewa cikin minti goma sha biyar zuwa ashirin. Idan ya tabbata, maganin shi ne irin su Coartem, sau biyu a rana har kwana uku, a sha duka ko da yaro ya tashi yana wasa a rana ta biyu. Kulorokwin ya daina aiki tun tuni. Zazzaɓin ya zama mai tsanani idan yaro yana amayar da duk abin da aka ba shi, ko ya kasa zama, ko barci ya yi masa nauyi, ko tafin hannunsa ya yi fari fat, ko ya fara taune-taune. Yaron da ke jijjiga a kwantar da shi a gefensa, a sassauta masa tufafi. Cusa cokali a baki yana karya haƙori, ɗura ruwa ko magani yana tafiya huhu, kara ƙafarsa a wuta kuma ƙuna kawai yake bari.

Gudawa ba ta da wata guda, amma ta fi yawa idan ambaliya ta haɗa masai da rijiya. An daɗe ana jingina ta ga fitar haƙori. Dalilin haɗuwarsu a fili yake: watannin da haƙori ke fitowa su ne watannin da yaro ke rarrafe, yana kai komai baki, ana kuma fara ba shi koko da ruwa. Haƙori yana sa ƙaiƙayin dadashi da dalala, ba ya sa zawo sau shida a rana. Magungunan haƙori na kanti ma ba su da amfani, kuma a 2008 wani mai suna My Pikin, da aka gurɓata da sinadari mai guba, ya kashe yara fiye da 80 a Najeriya. Faɗawar maɗiga, wadda ake shafa wa magani ko a danna ganɗa don ta taso, alama ce ta ƙarewar ruwan jiki, tare da zurmawar ido, bushewar baki da ƙarancin fitsari. Ruwan aka rasa, ruwan za a mayar.

Ƙunshin gishiri da sukari na asibiti ana zuba shi a ruwa mai tsabta gwargwadon abin da aka rubuta a jikinsa, a riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan da cokali bayan kowace gudawa. Idan ya yi amai a dakata minti goma a ci gaba. Inda babu ƙunshin, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya suna riƙe yaro. Gishiri ya yi yawa illa ne. Ana haɗawa da ƙwayar zink kullum har kwana goma zuwa sha huɗu, ba a tsayar da nono, ba a hana abinci. Gudawar da ke da jini atini ce, tana buƙatar ganin ma'aikacin lafiya. Wadda ke zuba kamar ruwan shinkafa tare da amai kwalara ce, tana iya kashewa cikin wuni ɗaya. A 2021 ta kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya ta kashe fiye da 3,600, Jigawa kuma tana cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna.

Hunturu yana zuwa da ƙura da sanyi, ana rufe ɗaki a hura wuta, yara su kwana cikin hayaƙi. Mura da tari yawanci suna wucewa da kansu. Wanda ake tsoro shi ne ciwon huhu, wanda ake kira namoniya ko ciwon haƙarƙari, kuma ana gane shi da ido da agogo. A ɗaga rigar yaro yana natse a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya: 60 ko fiye ga wanda bai kai wata biyu ba, 50 ga ɗan wata biyu zuwa shekara, 40 ga ɗan shekara ɗaya zuwa biyar, duk sun yi sauri. Idan ƙasan ƙirji yana zurmawa ciki a lokacin jan numfashi, ciwon ya yi nisa. Amoksisilin yana maganinsa idan an fara da wuri, mai tsanani kuma sai da iskar oksijin. Maganin tari na kwalba da tsagar wanzami a haƙarƙari ba sa kai wa ga huhu.

Bazara ta ƙyanda ce da sanƙarau. Baƙon dauro, wato ƙyanda, yana farawa da zazzaɓi, mura da jan ido, ƙuraje su fito daga fuska su sauko. Al'adar ɓoye mai ƙyanda a ɗaki, a hana shi wanka da wasu abinci, tana ƙara masa rauni. Abin da ke kashe shi shi ne ciwon huhu da gudawar da ke biyo baya, abin da ke makantar da shi kuma ƙarancin bitamin A ne, wanda ake bayarwa a asibiti. Sanƙarau yana zuwa da zazzaɓi, ciwon kai da sandarewar wuya, ga jariri kuma maɗiga ce ke kumbura. Tsakanin ƙarshen 2022 da bazarar 2023 Jigawa ce ta fi kowace jiha yawan masu kamuwa da shi, kuma a Maris na 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare mutum daga nau'o'insa biyar. Mashaƙo, wanda aka ɗauka ya kau, ya sake ɓarkewa a Kano tun ƙarshen 2022 ya bazu zuwa maƙwabta, kuma yawancin waɗanda ya kama yaran da ba su kammala allura ba ne.

Jadawalin rigakafi ziyara shida ce: ranar haihuwa, mako 6, mako 10, mako 14, wata 9, da wata 15. Cikinsu ake samun kariya daga tarin fuka, ciwon hanta, shan inna, mashaƙo, tarin lala, tetanus, ciwon huhu, gudawar rota da aka ƙara a 2022, ƙyanda, zazzaɓin shawara da sanƙarau. Ɗan zazzaɓin kwana ɗaya bayan allura ba cuta ba ce. Shakkun da wasu iyaye ke yi yana da tarihi: gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara kimanin 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, da dakatar da ɗigon shan inna a 2003. Wannan tarihi ya cancanci a faɗe shi yadda yake. Ya kamata kuma a faɗi abin da ya biyo baya: da sarakuna da malamai suka shiga aikin, an wayi gari a 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna.

A ƙarƙashin dukan waɗannan akwai tamowa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ƙyanda ko gudawar da yaro mai ƙiba zai tsallake, ita ce ke tafiya da rammame. Abin takaici ne a same ta a ƙasar da ke fitar da kifi, wake, riɗi da gyaɗa zuwa kasuwannin nesa. Ta fi kama yaro tsakanin wata shida da shekara biyu, lokacin da nono kaɗai bai isa ba, abin da ake ba shi kuma koko ne tsararo. Cikin yaro ƙarami ne, yana buƙatar abinci mai kauri sau da yawa: kunu da aka sa wa gyaɗa ko waken suya, garin busasshen kifi, ƙwai, zogale, ɗan mai. Yayen gaggawa saboda kwanika yana jefa yara da yawa cikinta. Mai ciki tana iya ci gaba da shayarwa, tazarar shekara biyu kuma tana hutar da uwa da ɗa, daidai da tsawon shayarwar da Alƙur'ani ya ambata. Ana auna damtsen yaro da wani ɗan tef mai launi: ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani. Kumburin ƙafafu biyu ma ita ce, ko da yaro ya yi kama da mai ƙiba. Maganinta wani haɗin gyaɗa da madara ne a leda, wanda ake rabawa a cibiyoyin lafiya, kuma na yaron da aka rubuta wa ne shi kaɗai. Wani shiri da aka gudanar daga 2013 zuwa 2019 a Zamfara da Jigawa, har da Kiri Kasamma, ya riƙa ba mata kuɗi kowane wata, da farko naira 3,500, tun daga ciki har yaro ya shekara biyu, tare da koyar da ciyarwa, kuma binciken da ya bi shi ya sami raguwar tsumburewa. Ashe sani kaɗai ba ya cika tukunya. Uwa tana buƙatar abin saye a hannunta.

Yaron da hannuwansa da ƙafafunsa ke kumbura da ciwo tun yana wata shida, yana yawan rashin jini da shawara, a gwada shi don sikila. Idan uwa da uba duka AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, kuma gwajin kafin aure ne ke bayyana haka.

Wanda ya tsallake shekara biyar ya fara bin yayyensa zuwa kogi, a nan tsargiya ke jiransa. Mai ɗauke da ita idan ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen tsutsar suna ƙyanƙyashewa su shiga wata ƙaramar katantanwa mai son ruwa marar gudu da ciyawa, irin wanda kacalla da magudanan ban-ruwa suka yawaita. Daga jikinta 'ya'yan tsutsar ke fitowa su huda fatar mai wanka, mai su, ko mai dashen shinkafa, su girma a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara. Alamar ita ce jini a ƙarshen fitsari. Don ta zama ruwan dare a wasu garuruwa, har akan ɗauke ta alamar balagar ɗa namiji. Tana shan jinin yaro a hankali, tana rage masa kuzari a makaranta da gona, bayan shekaru kuma tana iya lalata ƙoda ko ta kai ga sankarar mafitsara. Ga 'ya mace tana yin rauni a al'aura da bakin mahaifa, wanda daga baya akan ɗauka ciwon sanyi ne, kuma yana iya hana haihuwa. Maganin tsargiya ƙwayar furazikwantel ce, sha ɗaya, ana auna yawanta da tsawon yaro a jikin sanda, a sha bayan an ci abinci. Ana raba ta a makarantu, amma almajirai, 'ya'yan masunta da 'ya'yan makiyaya, waɗanda suka fi kowa shiga ruwa, su ne rabon ya fi tsallakewa. Maganin yana kashe tsutsar da ke jiki, ba ya hana sabuwa shiga, saboda haka yaron da ya koma ruwa yana buƙatar sake sha a shekara mai zuwa.